Mai Bukka ta Bakwai

Ƙarfe bakwai saura kwata na yamma, ranar wata Alhamis, an idar da sallar magariba, an ci tuwo an wanke hannu. Mu huɗu ne a bakin murhu a gidanmu na Wunti: kakata ta wajen uba, wadda muke kira Dada, yayata Asabe, Hamisu ɗan ƙanin mahaifina, wanda na girma da shekara ɗaya, sai ni. Na san lokacin ne domin akwai agogon bango a ɗakin Baba, kuma tun ina yaro ba na zama wuri ban leƙa shi ba. Shekarata tara. Ba a daɗe da mayar da Bauchi babban birnin jiha ba, motocin ma'aikata sun fara yawa a kan titi, amma mu cikin gida wutar itace ce da fitilar ƙwai.

Abin da ya sa nake tuna wannan yammaci yanzu shi ne wani kabari da ke bakin Inkil, a bayan garin Bauchi. Da zarar an yanke dawa za a haƙa harsashin gini a kansa, sai fa idan an samu sunan mai shi kafin nan. Zan faɗi abin daki-daki, daga farko.

Hirar Dada iri biyu ce. Sauran ranaku tatsuniya take yi mana, ta jingina da bango ta miƙe ƙafa, muna gasa gyaɗa a toka, wanda ya ga dama ya katse ta. Ni takan ce mini maigidan da ko zani bai taɓa saya mata ba, Hamisu kuma ta ce masa Baki, don bakinsa ba ya rufuwa. Amma ranar Alhamis daban ce. Takan gyara ɗaurin kallabi, ta zare itace biyu daga murhu har wuta ta yi ƙasa, ta hana gyaɗa. Sannan ta ce, "Yau ba tatsuniya. Yau mutane ne. Ku tanƙwashe ƙafa."

Labari ɗaya ne, kuma ba ta taɓa sauya masa ko kalma ba.

Ta ce a zamanin mahaifiyarta, Iya Kande, agana ta shigo gari. Idan ta kama mutum ƙuraje sukan rufe shi daga fatar kai har tafin ƙafa, idanu su liƙe, murya ta dushe. A unguwarmu ta kwantar da mutum bakwai. Manya suka taru suka yanke a fitar da su bayan ganuwa. Aka bi da su ta Ƙofar Inkil, aka yi tafiya har wani falalen dutse da ke gindin wata ɗorawa. Daga dutsen aka jera bukkokin zana guda bakwai, layi ɗaya zuwa gabas, taku goma tsakanin kowace da mai bi mata, don su ji muryar juna amma kada numfashinsu ya haɗu.

Iya Kande ta yi agana tun tana ƙarama, fuskarta duk zanzana, kuma an san wanda ya taɓa yi ba ta komo masa. Saboda haka ita aka ɗora wa kai musu kunu da ruwa. Kullum bayan la'asar take fita, ta komo kafin a rufe ƙofa. Tana da tsari. Ba ta shiga bukka sai ta fara hawa kan dutsen, ta sauke tulu, ta kira sunayensu bi da bi, daga na kusa zuwa na nesa. Malam Isiyaku. Tanko marini. Hajo matar Tanko. Gambo mai gishiri. Audu Dogo. Yalwa, wadda yarinya ce. Sai ta bukkar ƙarshe, wata Bafulatana mai tallar nono da ciwon ya kama a cikin gari, danginta kuma suka kora shanunsu suka yi gaba don tsoro. Dada takan faɗi sunanta kamar yadda take faɗin sauran. Zan zo kan wannan.

Duk sunan da Dada ta kira, mu kuma mu ce Allah ya ji ƙai. In ta gama sai ta sa mu maimaita, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sa Gambo gaban Hajo, ludayi ne a tsakar kansa.

Gambo ne ya fara ƙin amsawa. Washegari da safe maza biyu masu zanzana irin tata suka je, suka haƙa rami a cikin bukkar tasa ba tare da sun yi magana ba, suka yi masa sutura a nan, suka rushe zanar a kansa. Haka aka yi wa duk wanda ya bi bayansa. Inda mutum ya kwanta jinya, nan ne kabarinsa.

Iya Kande ta yi tunani. Sauran ba sa gani, ba sa iya tashi, kunne kawai ya rage musu. In ta tsallake sunan Gambo za su gane, kuma wanda ya karaya ba ya shan kunu. Sai ta ci gaba da kiransa. In ta ce "Gambo mai gishiri," sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta kaurara murya, ta amsa wa kanta. Da Hajo ta rasu ta yi mata haka, don kada Tanko ya san matarsa ta riga shi. Da Malam Isiyaku ya rasu ta ƙara da tasa. Ta zama tana ɗauke da tulu, da ƙwaryar kunu, da muryar mutum uku.

Ran nan ta hau dutsen kamar kullum. Ta amsa wa Malam Isiyaku. Tanko ya amsa da kansa. Ta amsa wa Hajo. Ta kira Gambo, ta ja mayafi zuwa baki, kafin ta buɗe shi sai ta ji daga ƙarƙashin rusasshiyar zanar can an ce, "Na'am."

A nan Dada takan yi shiru. Ba ta kallon kowa. Takan ɗauki ƙaramin itace ta riƙa juya toka, mu kuwa muna jin motsin kaji a akurki da ƙarar agogon Baba ta cikin labule. Asabe takan damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Bayan gidanmu akwai wani kango, kuma a irin wannan shirun ni ban taɓa yarda na juya baya gare shi ba.

Dada ta ce Iya Kande ba ta gudu ba, domin kunu yana hannunta kuma akwai masu jira. Ta ƙarasa kira, ta bi bukkokin masu rai tana ba su. Da ta isa ta ƙarshe ta durƙusa da ludayi, sai Bafulatanar ta ce mata, "Kande, ki huta da sauya murya. Su da kansu suna amsawa. In kin tafi ma hira ake yi."

Iya Kande ta tambaye ta wace irin hira. Ta ce suna tambayar juna yau wace rana ce, da kuma wa ya tambaye su a gari. Ta ce ita ba ta da mai tambayarta, don haka shiru take yi tana saurare. Sannan ta roƙi Kande ta riƙe mata sunanta, tunda ba ta da kowa a garin nan da zai riƙe.

Ita ce ta rasu a ƙarshe. Kashegarin binne ta Iya Kande ta fita bayan la'asar hannu wofi, ba kunu ba ruwa. Ta hau dutsen ta kira su duka bakwai. Aka amsa sau bakwai, bi da bi, kowace amsa ta fi ta baya nisa da taku goma. Ta sauko ta koma gida. Har ta bar duniya ba ta sake fita ta wannan ƙofa ba, amma ta koya wa 'yarta sunayen, 'yar kuma ita ce Dada.

Hamisu ba ya barin abu ya wuce. Kowace Alhamis sai ya tambaya ko aljanu ne suka amsa. Dada takan ce ita ba ta ce ba; an kira, an amsa, iyakar abin da aka ba ta ke nan, kuma ba ta ƙara wa matattu magana. A wannan Alhamis da nake faɗa, ya matso har gwiwarsa ta taɓa tata, ya ce, "Dada, don Allah yau dai ki bar mai nonon nan ta tashi."

Ta dube shi ta ce, "Kai Baki, ni na kwantar da ita da zan tashe ta?"

Ana haka ladan ya kira isha'i, ta ce kowa ya tashi ya yi alwala.

Sau ɗaya ta kai mu wurin. Bayan girbi ne, da hantsi, ni da Asabe. A lokacin Hamisu ya tafi makarantar kwana, shi ya sa bai taɓa ganin wurin da idonsa ba. Gona ce kawai. Ga dutsen, ga ɗorawar, sai wani siririn layi na ciyawa da ya ratsa gonar zuwa gabas, wanda manomin bai taɓa sa wa fartanya ba domin haka ya tarar ubansa yana yi. Na fara ƙirga taku, Dada ta ce nawa gajeru ne, ta yi da kanta. Duk taku goma sai ta tsaya, ta faɗi suna, mu yi Fatiha. Ba tudu, ba dutsen alama, ba komai. A taku na saba'in ta fi daɗewa.

Dada ta rasu ina koyon ɗinki. Na buɗe shagona a layin teloli na Wunti, ina nan har yau. Asabe ta yi aure, ta haifi nata, ta aurar da su, ita ma ta rasu. Hamisu ya yi karatu har jami'a ya zama malami a Jos. Wata rana ya aiko mini da littafi, da sunansa a bango, ya rubuta a shafin farko cewa wannan hirar Dada ce.

Ba zan zalunce shi ba: littafin ya yi kyau. Na fara shi a kan keken ɗinki da hantsi, ban ɗinka ko aljihu ba sai da na kai ƙarshe. Ya sa na ji warin bukkokin nan, na ji nauyin tulun a kaina. Abubuwan da Dada ba ta taɓa faɗa ba, kamar yadda kasuwa ta watse da yadda uwa take leƙen ɗanta ta kan katanga, duk ya kawo su, kuma na yarda haka aka yi ko da ba wanda ya gaya masa. Amma ya taɓa abu uku. Ya ɗauke bukkokin daga Inkil ya kai su gindin wani tsauni ta wajen ƙauyen Miri. Ya bar mutum shida ba suna, sai dai "masu jinya". Ta bakwai kuwa ya ba ta littafin gaba ɗaya. Ya sa mata suna Shatu, ya ba ta dogon gashi da saurayi makiyayi, ya ce saurayin ne yake ɓuya bayan bukkoki yana amsawa. A shafin ƙarshe ta warke, ta bi shi, suka cimma shanu a bakin kogi.

Na karanta shi sau uku. An karanta shi a rediyo kashi-kashi, mata suna tuƙa tuwo suna saurare. Har a layinmu akwai wanda ya sa wa 'yarsa Shatu saboda shi.

Da muka haɗu a wani bikin suna na faɗa masa abin da ke raina. Ya yi dariya ya ce har yanzu ina nan da awo da ƙirga. Ya ce littafin labari ba shaida ba ne a gaban alƙali. Ya kai abin Miri ne domin yana son tsauni, kuma mai karatu ba zai iya riƙe mutum bakwai a zuciya ba, ɗaya yake iya riƙewa. Ya ce kafin littafinsa mutum nawa ne a Bauchi suka san an taɓa fitar da masu agana bayan ganuwa? Mu huɗu, biyu sun mutu. Yanzu dubbai sun sani. Sannan ya rage murya ya ce, "Yaya, shekara nawa ina roƙon Dada ta tashe ta? Da na samu biro a hannuna sai na tashe ta da kaina."

Na ce masa dai Dada ba za ta so ba, muka ci waina muka rabu lafiya.

Bana da damina na hau keken haya zuwa Inkil kai wa wani mutum kayan da na ɗinka masa. Gari ya ci wurin, gidaje sun taso inda na san gonaki. A hanyar komowa na hango dutsen. Na ce wa mai keke ya tsaya. An sare ɗorawar, saura kututture. Layin ciyawar yana nan, amma an kafa turakun awo masu jan fenti sun ratsa shi, ga bulo an jibge a gefe. Na hau dutsen na sauka, na yi taku saba'in. Daga na sittin da biyu zuwa gaba, cikin filin wani nake tafiya.

Na nemi gidan mai unguwa. Ya saurare ni, ya sa aka kira waɗanda suka sayi filayen wurin. Wanda abin ya fi shafa wani ma'aikacin asibiti ne, mutum mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Da na gama bayani sai ya ce, "Baba, ai na san labarin nan. Amma a Miri aka yi shi." Dattawan da ke zauren suka gyaɗa kai, wani ya ce matarsa ba ta taɓa barin karatun ya wuce ta a rediyo ba, lallai Miri ne, gindin tsauni. Jikan manomin nan na da, wanda ya sayar da gonar, ya ce shi a saninsa tsakuwa ce ta yi yawa a layin shi ya sa ba a nomawa.

Na ce musu wanda ya rubuta littafin ƙanena ne, a gabana aka ba shi labarin. Mai unguwa ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ba zai hana mutane haƙƙinsu da maganar mutum ɗaya ba, alhali rubutacce ya faɗi wani abu daban. Ya yanke cewa mu je wurin in faɗi sunayen a gaban kowa, sannan kowane suna in kawo gidan da zai ce wannan namu ne. Duk kabarin da aka samu mai shi, shi da kansa zai tsaya a kewaye shi.

Muka je bayan la'asar, mu tara. Dawar gonar da ke maƙwabtaka ta fi mutum tsayi, tsuntsaye suna ta hayaniya a ciki. Na cire takalmi na hau dutsen. Na ce Malam Isiyaku. Na ce Tanko marini. Hajo matar Tanko. Gambo mai gishiri. Audu Dogo. Yalwa. Suna fitowa kamar jiya aka koya mini. Na ja numfashi na ce, "Shatu."

Ban ji kuskuren ba sai da mai filin ya ce a hankali, "Baba, wannan ai ta littafi ce. Kuma ita ba ta mutu ba."

Na ce a yi mini haƙuri, na koma farko. Na bi su da irin muryar Dada, da inda take ja da inda take saukewa. Na zo na bakwai, harshena ya sake kawo Shatu. Na yi na uku. A na ukun na kame bakina bayan Yalwa, na tsaya ina jira sunan ya zo da kansa.

Bai zo ba. Abin da na lura da shi shi ne tsuntsayen nan sun yi tsit, duka, lokaci ɗaya. Ba iska. Mutum tara a tsaye, ba mai ko tari. Shekara arba'in ina ɗinki, na san yadda mutum yake ji idan wani ya tsaya masa a ƙofar shago bai yi sallama ba: ba ka ɗaga kai ba, amma ka san akwai mai jira. Haka na ji daga can ƙarshen layin ciyawar. Ban ga komai ba, ban ji murya ba, kuma ba zan ce na ji ba. Mai unguwa ne ya fara motsi, ya gyara hularsa ya ce mu tafi kada magariba ta same mu a nan. Ba wanda ya yi masa musu, kuma na lura ba wanda ya bi ta kan ciyawar.

Mako uku na rufe shago ina yawo. Gidan Malam Isiyaku ban sha wuya ba, jikokin jikokinsa suna nan bayan masallacinmu, sun san kakansu ya mutu bayan gari amma ba su san ina ba. Tanko da Hajo gida ɗaya ne, kusa da inda tsofaffin rijiyoyin rini suke. Dangin Gambo sun koma Miri suna noma. Wani tsoho a cikinsu da na faɗi sunan sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Audu Dogo da Yalwa sun fi ba ni wahala, amma an samu. Mai unguwa ya cika alkawari. An cire turaku, an ja katangar bulo layi biyu daga dutsen har taku sittin da ɗoriya.

Nan katangar ta tsaya. Taku na saba'in yana kusurwar filin ma'aikacin asibitin nan, daidai inda ya zana ɗakin mahaifiyarsa. Filin ƙarami ne. Ya ce mini shi ba zai kwantar da uwarsa a kan mutum ba, in dai mutum ne. In kawo suna na gaskiya, ko wani da ya taɓa jin labarinta ba daga littafi ba, zai bar kusurwar ko da zai rasa ɗakin. Amma ba zai yanke filinsa saboda matar da marubuci ya ƙirƙira ba. Ban ga laifinsa ba. Wani ya kawo shawarar a tona a gani. Na ce ba za a tone ta don a tabbatar tana nan ba, mai unguwa ya goyi bayana. Aka tsaya a kan cewa tifar yashi ba ta da hanyar shiga sai an yanke dawar maƙwabci; ina da daga nan zuwa ranar.

Na kira Hamisu. Na gaya masa komai a waya. Kwana biyu sai ga shi a Bauchi. Ya ce Shatu sunan wata 'yar ajinsu ne. Ya ce lokacin da yake rubutun yana sane da sunan na gaskiya sarai, da gangan ya sauya, domin ya ga bai dace ya haɗa baiwar Allah da saurayin ƙarya da sunanta na ainihi ba. Ya rubuta sunan na ainihi a wani tsohon littafin makaranta, gara ta cinye shi da sauran takardu. Ya shekara biyu yana kwana yana tashi da Shatu, har ta zauna daram, sunan na gaskiya ya ɓace masa.

Muka je tsohon gidanmu, wanda yanzu 'ya'yan wani ƙanenmu ke ciki. An yi siminti inda murhu yake. Muka sa aka shimfiɗa mana tabarma a daidai wurin bayan magariba, tsofaffi biyu da furfura, muka tanƙwashe ƙafa muna jera sunaye tare kamar masu tilawa, yaran gidan suna leƙenmu suna dariya. Shida suna zuwa. A na bakwai sai mu dubi juna. Ya ce yana ji kamar da harafin kaza ya fara, na hana shi, domin in muka fara zato za mu ƙirƙiri wata Shatun ce kawai. Ya ce zai rubuta gaskiyar abin a gaban littafin in za a sake bugawa. Na ce ya rubuta, amma dawa ba za ta jira maɗaba'a ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni na ɗauka alheri na yi mata."

Na san alheri ya nufa. Ina yaro na ɗauka Dada tsanani ne kawai gare ta, da ludayinta da hana gyaɗa. Sai yanzu na gane ba labari take ba mu ba, wuri take nuna mana, kuma duk kalmar da aka gusar kabari ne ya gusa. Ban ce a daina rubuta littattafai a kan mutanen da ba. Ba don na Hamisu ba, da mai filin nan bai ma san an yi agana a garin nan ba, balle ya tsaya ya saurare ni. Amma labari mai daɗi ba ya zama kusa da abin da ya tarar, a kansa yake zama. Mutum shidan da marubuci bai kula da su ba sun tsira da sunayensu. Wadda ya fi so, ya ba ta gashi da saurayi da tsawon rai, ita ce ta rasa nata. Kuma ba a kan baƙo abin ya faru ba, a kaina ne, ni da aka doka da ludayi don in riƙe.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In danginku makiyaya ne, ko sun taɓa zama, ka tambayi mafi tsufa a cikinsu ko an taɓa ba shi labarin wata da ta shiga Bauchi da ƙwaryar nono a shekarar agana ba ta komo ba. In kuma kai ɗan cikin gari ne, ka tambayi tsohuwar gidanku ko ta taɓa jin an jera mutum bakwai na bayan Ƙofar Inkil. Ka je yau, kada ka bari sai Juma'a. Kada ka karanta mata littafin, kada ka ambaci Shatu a gabanta, in ta tsaya tana tunani kada ka taimake ta da ko harafi ɗaya. Ka yi shiru ka jira. Abin da ta faɗa ka rubuta shi nan take a takarda, ka kawo layin teloli na Wunti, ka ce jikan Dada kake nema. Jiya na je Inkil, kan dawar ya riga ya sunkuya.